Gwangwani Mai Lamba Ɗaya

Ummi, kin taɓa jin inda aka rubuta wa 'yar wata huɗu wasiƙa? Ni ma ban taɓa ji ba, amma ga shi yau ina yi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa. Malam Isiyaku, na san kai za ka karanta, tunda kai ne mai boko a gidan. Barka da gida, yaya gajiyar hanya, yaya ɗalibai, yaya mutanen Tudun Kaya? Allah ya sa kun isa lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe. Don Allah ka karanta da ƙarfi, a tsakar gida, lokacin da matarka, Addata, take zaune kusa. Ka yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na tsaya a firamare, sauran rayuwata duk a bayan shanu na yi ta.

Ummi, bari in faɗa miki abin da ake ciki, ko da sai kin girma za ki gane. Innarki ba ta da lafiya. Tun kina wata biyu ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, in ta kwanta sai ta tashi zaune. Likita ya ce zuciya ce. Yau za mu tafi babban asibiti a Kano, ni da ita, kuma ba a faɗa mana ranar dawowa ba. Ke kuma za ki bi gwaggonki, wato Adda, yayata da muke ciki ɗaya, zuwa gidanta. Yau za ki bar ɗakin da aka haife ki.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa miki. A wajenmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban manya, ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ya san ko ya ci ko bai ci ba. In na tsaya gaban Adda na ce mata ga yadda za a ciyar da ke, sai a ce garin Karaye ya cire mini kunya a shekara ɗaya. To amma ban taɓa jin an hana mutum yi wa jaririya magana a takarda ba. Shi ya sa da ke nake. In wani ya ji, to ya ji.

Ni baƙo ne a harkar nan ta kowace fuska. Bara na baro rugarmu ta wajen Falgore na zo nan ina aikin lambu a bakin ruwa, albasa da tumatir. Ban san gari ba, ban san kanti ba, ban san jariri ba. Abu ɗaya na ɗauka na sani a duniya, shi ne madara. In aka miƙo mini ƙwarya, da ido zan faɗa miki ta safe ce ko ta yamma, da hanci zan faɗa miki irin ciyawar da saniyar ta ci. To wannan sanin nawa shi ya kusa kashe ki. Sau huɗu na yi kuskure a cikin wata biyu, kuma zan faɗe su yadda suka faru, ba zan gyara komai ba.

Kafin nan ki san wani abu game da innarki. Wata biyu cur ta shayar da ke, har kumatunki suka cika. Da ciwon ya kama ta nonon ya riƙa janyewa, tana sa ki kina ja kina kuka, ita ma tana kuka. Ba ta hana ki ba, ƙarewa ya yi. Malamar asibitin garin nan, wadda take auna jarirai, da bakinta ta ce duk gwangwanin da ke duniya babu wanda ya kai nonon uwa, ana komawa gwangwani ne in babu yadda za a yi. In wata rana wani ya ce miki an shayar da ke da gwangwani don innarki 'yar gayu ce, ki ce masa ƙarya ne.

Ranar da na ga nonon ya ƙare ban yi shawara da kowa ba. Na ari babur na tafi rugarmu, na sa aka tatso mini madarar saniyar kakanki Baffa mafi kyau, na zuba a gora na dawo da ita tana da ɗumi. Ina tafe ina jin daɗi, ina cewa a raina 'yar masu shanu ba za ta kwana da yunwa ba. Aka tafasa, aka huce, aka ba ki da cokali. Kika sha kuwa. Kwana uku muna haka, maƙociyarmu tana karɓo mana wajen masu tallar nono. A rana ta huɗu kika fara amai, cikinki ya kumbura kamar ƙwarya, da aka buɗe zaninki sai ga ɗan jini-jini a cikin kashin.

Muka kai ki asibiti. Malamar ta tambayi me ake ba ki, na faɗa mata, har da ɗan alfahari, na ce ba ta kanti ba ce, ta saniya ce tsantsa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai makiyayi ne?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "In saniya ta haihu, kwana nawa ɗan maraƙin yake yi kafin ya miƙe?"

Na ce, "Wane kwana? A ranar yake tashi, kafin uwar ta gama lashe shi."

Ta ce, "To ita wannan fa, yaushe za ta miƙe?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce madarar saniya an yi ta ne don abin da zai tashi ya bi garke a ranar da aka haife shi, ta yi wa cikin jariri nauyi, tana wahalar da ƙodarsa, kuma abin da ke ƙara jini babu shi sosai a cikinta. Ta ce ko an tafasa, ko an sirka da ruwa, tana nan a madarar maraƙi. Sai yaro ya shekara ake ba shi ita a matsayin abin sha.

Shekara ashirin da uku ina kallon maraƙi yana tashi a ranar, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

To Ummi, ga nasihata ta farko. Duk son da ake yi miki, duk kyan saniyar, kada ki sha madararta sai kin shekara. Na san gidan da za ki akwai saniyarsu Wule, kuma na san ta haihu. Ni na yi kiwon uwar Wule, na san irin madararsu, mai ce zalla. Kyanta ne ma abin tsoron. Ki jira. Shekara ba ta da nisa, Wule ba inda za ta.

Malamar ta ce in je in sayo madarar jarirai ta gwangwani, ta faɗi wani abu game da lamba, amma kaina ya ɗau zafi ban riƙe ba, kuma na ji nauyin in ce ta maimaita. Na shiga wani kanti a bakin kasuwa. Gwangwanaye ne jere har sama, ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, duk rubutun Turanci. A kan benci kuma ga dattawa biyu suna hira, ɗaya daga cikinsu ya san Baffa.

Mai kantin ya ce, "Me za a ba ka?"

Na ce, "Madarar yara."

Ya ce, "Yaron watansa nawa?"

Na dubi dattijon nan, shi ma yana dubana. Sai na ji bakina ya ce, "Ban sani ba, aiko ni aka yi."

Mai kantin ya yi dariya ya ce, "Wanda ya aiko ka bai ƙaunace ka ba. Ka koma ka tambayo."

Na ce a'a, zan zaɓa. Na ga wasu an rubuta ɗaya, wasu biyu, wasu uku. Na ce a raina ai uku ta fi ɗaya, ba zan kai wa yarinya ƙaramar lamba ba kamar wani marowaci. Kuma a jikin mai ukun akwai hoton wani yaro ƙato yana gudu da ƙwallo. Na ce irin wannan nake so ki zama. Na ɗauka na fito, dattijon yana ce mini, "A gaida mai jego, ko ta waye."

Kwana biyar kina shan ta. Kashi ya ƙi fita, kina ta murɗa kina jan ƙafa, fuskarki ta yi ja. Na ɗauki gwangwanin na kai wa malamar. Ta juya shi ta nuna mini wani ƙaramin rubutu, ta ce wannan ta yaron da ya wuce shekara ce, mai haƙora, mai cin tuwo. Lambar ba ta kyau ba ce, ta girman yaro ce. Ta ce, "Mai kantin bai tambaye ka watanninta ba?"

Na ce ya tambaya.

Ta ce, "To me ka ce?"

Da na faɗa mata sai ta ajiye biro. Ta ce, "Kunyar taka mai kyau ce, amma yarinyar ba ita za ta sha ba."

Ga abin da na koya, a riƙe shi da kyau. Gwangwaninki shi ne mai lamba ɗaya, wanda aka rubuta daga haihuwa. Malamar ta ce ko kin wuce wata shida kina iya ci gaba da shi har ki shekara, ba dole sai an canza ba. Kada a dubi hoto, kada a dubi launi. Na tambaye ta ko mai tsadar ya fi, ta ce in dai na jarirai ne mai lamba ɗaya, mai rajistar hukuma a jiki, kusan duk abu ɗaya ne a ciki, a ɗauki wanda za a iya ci gaba da saye a tsaya a kansa. A kifa gwangwanin a dubi gindinsa, akwai ranar da yake lalacewa. A buɗe murfin a ga farar takardar ƙarfen nan a liƙe, ba a taɓa ɓanɓare ta ba. In ya lotsa ko ya yi tsatsa a bar musu kayansu. Madarar da ake aunawa a leda, irin ta mai shayi, wannan ba taki ba ce ko kaɗan, ko da an ce daga buhu ɗaya suka fito. Akwai kuma wasu na musamman, na waken suya da na masu ciwon ciki, waɗannan sai malaman asibiti sun ce a saya. Wanda duk za a aika kanti, a faɗa masa watanninki, shi kuma ya faɗa da ƙarfi ko sarkin garin ne zaune a benci. Na sa wani tsohon gwangwani a cikin kayanki, babu komai a ciki, a riƙa tafiya da shi ana nunawa.

Da na samo na gaskiyar sai na ce shi ke nan, wahala ta ƙare. Ashe saura. Na haɗa yadda malamar ta nuna, na ɗaga kofin na duba, sai na ga abu tsararo, fari-fari kamar ruwan wankin ƙwarya. Ummi, a gidanmu babu abin kunya kamar madarar da aka yi wa ruwa. Innata, mai sunanki, ta taɓa juyar da ƙwarya guda a ƙasa a tsakiyar kasuwa don wata ta ce ta ga kamar da ruwa a ciki. To ni in ba 'yar cikina wannan? Sai na riƙa cika cokalin har ya yi tozo, wani lokaci in ƙara ɗaya a kai, sai na ga ta yi kauri ta kama jikin kofi sannan hankalina ya kwanta. Innarki tana kwance tana ce mini, "Anya haka aka ce?" Ina ce mata, "Ke dai kwanta, madara ce, na fi malamar saninta."

Leɓɓanki suka bushe. Fitsarinki ya ragu ya yi ja. Kina gama sha kina kuka, ni kuma ina ɗauka yunwa ce, ina ƙara kauri. Ashe ƙishirwa ce. Ina ba ki abin da ke ƙara miki ƙishi da hannuna, ina jin kaina uba nagari.

Da aka gano wannan na daina. Amma bayan sati biyu sai na faɗa ɗaya gefen. Na leƙa gwangwani na ga gindi ya fara bayyana, albasa kuma ba ta isa cira ba. Sai na ce tunda kauri ne ya cuce ki, ai in na rage cokali ɗaya ba laifi, gwangwanin zai ƙara kwana. Ban faɗa wa kowa ba. Ranar awo aka ɗora ki a sikeli, malamar ta dubi katinki, ta sake ɗora ki. Ta ce layin da ya kamata ya hau sama ya kwanta. Ba ta tambaye ni komai ba, ni da kaina na faɗa, don na kasa haɗa ido da ita.

Saboda haka Ummi, kada ki yarda da idon kowa a kan kaurin madararki, har da nawa, har da na waɗanda suka fi ni sanin shanu. Tsararon nan haka aka yi ta, nonon uwa ma haka yake in kin gan shi a cokali. Ruwa ake fara zubawa, har ya kai zanen da ke jikin kofin awon da na sa a kayanki, sannan gari. Da cokalin da ya zo a cikin gwangwanin kawai ake ɗiba, ba na shayi ba, ba na wani gwangwanin ba. A cika shi a shafe kansa da bayan wuƙa mai tsabta ya yi daidai da baki, kada a danna, kada a yi tozo. Malamar ta rubuta yawan cokali da yawan ruwa a bayan katinki, Malam zai karanta, kuma duk ranar awo za ta sake dubawa don kina girma ana ƙarawa. In gwangwani ya kusa ƙarewa kada a ja shi da ruwa. Tumakina biyu suna wajen Baffa, na gaya masa na Ummi ne, a kama a sayar ba sai an neme ni ba. Kuma in wata ta ce a ɗan zuba koko ko kamu a ciki don ki yi barci, a ce mata an gode, sai kin cika wata shida.

Kuskure na huɗun shi ne ya fi duka muni.

Mu ba ma zubar da madara. Ba a taɓa yi ba. In ta kwana ta zama kindirmo, in an kaɗa ta ba da mai, abin da ya rage a dama fura da shi. Tun ina yaro in ɗigo ya zuba a ƙasa sai an sa na dangwala na shafa a goshi. To sai ga shi kina shan rabi ki kau da kai, rabi ya rage a bulumboti, kwalbar da nake shayar da ke da ita. Malamar ta ce a zubar. Na ji ta, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Madarar da na san yadda aka yi aka same ta? Wata rana da safe na haɗa, kika sha kaɗan kika yi barci, na rufe na ajiye a inuwa a bayan randa na tafi lambu. Da azahar na dawo, na shinshina, ban ji tsami ba. Hancin da yake gane ciyawar da saniya ta ci bai ji komai ba. Na ba ki.

Kafin la'asar gudawa ta ɓalle. Kafin magariba maɗigarki ta faɗa, idanunki suka zurma, kuka ma kin daina, sai ɗan ƙugi. Na saɓa ki a kafaɗa na bi tsakiyar gari da gudu, ba hula ba takalmi, kowa yana kallona, ranar ban tuna da wata kunya ba. Kwana uku kika yi ana ƙara miki ruwa, a hannu aka rasa jijiya sai a ka aka samu. Innarki da ba ta iya taku goma sai ta huta, ta sa aka kawo ta ta zauna a bakin gadon. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da za a sallame mu malamar ta ce mini wannan madarar ba ta zama kindirmo, lalacewa take yi tun hanci bai ji ba. Ta ce kowane sha a haɗa sabuwa. A tafasa ruwa sosai, a bar shi ya ɗan sarara amma da sauran zafinsa, a haɗa, sannan a tsoma kofin cikin ruwan sanyi har ta huce, a ɗiga a bayan hannu a ji. Abin da kika rage, in ya kai awa ɗaya, ba naki ba ne kuma. Ta karɓe bulumbotin ma, ta ce bakin robar nan yana ɓoye datti inda hannu ba ya kaiwa, ta koya mini ba ki da ƙaramin kofi, ana tallafe ki zaune, ana kai shi bakin leɓe kina tsotsa da kanki, ba a ɗura miki. Kofin da cokalin a wanke da sabulu a tafasa su. Mai haɗawa ta wanke hannu tukuna.

Na ce mata, "Malama, ni fa ba zan iya zubar da madara ba."

Ta ce, "To wa ya hana ka shanyewa? Ƙato da kai."

Tun ranar ni nake shanye ragowarki. Ba daɗi, kamar an jiƙa alli an sa sukari. Na faɗa ne don na san gidan da za ki su ma ba sa zubarwa. Duk wanda ya ji ciwon zubarwar ya ɗaga kofin ya shanye a take, in dai ba za a ajiye miki ba. In kuma, Allah ya kiyaye, aka ga gudawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko kin ƙi sha, kada a tsaya jiƙa komai, kada a jira gari ya waye ko rana ta yi sanyi, a nufi asibiti da katinki.

Yau sati uku ke nan ban yi kuskure ba. Layin katin ya fara hawa. Shekaranjiya kika kama yatsana kika yi dariya har da sauti, na waiga na ga ba kowa, na yi miki ni ma.

Jiya da yamma Adda ta iso don ta kwana ta haɗa kayanki. Ta ɗauke ki ta juya ki ta ce, "Wannan ai ƙashi ne da fata. Me kuke ba ta?"

Innarki ta nuna mata gwangwani. Adda ta buɗe ta shinshina ta ce, "Ikon Allah. Jikar Innata ce ake ba garin rogo? Mu da muke ba gari madara, mu ne za mu sayi ta gwangwani?" Sai ta dube ki ta ce, "Yi haƙuri uwata, gobe war haka kina shan ta Wule. Sati biyu za ki yi wuyanki ya yi gammo."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Innarki ta ɗago ido ta dube ni. Na buɗe baki, sai Adda ta ce, "Kai kuma tsayuwar me kake yi a kan mata? Ko ka zama ungozoma ne?" Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai na fita.

Kada ki ga laifin gwaggonki. Ita ta goye ni da Innarmu ta rasu, ita ta yi mini wanka, bakinta ta hana ta ba ni. 'Ya'ya shida ta raina, duk suna nan da ransu, sai dai dukkansu nononta suka sha har suka yi haƙora, ba ta taɓa riƙe jaririn da ba shi da nonon uwa ba. Abin da take shirin yi miki shi ne abin da na yi miki da farko, kuma da irin zuciyar da na yi shi. Ba za ta ba ki abin da ta san zai cuce ki ba. Ba ta sani ba ne, ni kuma da na sani na yi shiru.

In na duba duka, Ummi, ban ga inda rashin karatu ya cuce ni kamar yadda rufe baki ya yi ba. Malamar ta faɗi lamba, na ji nauyin in ce ta sake. Mai kanti ya tambaye ni, na ce aiko ni aka yi. Innarki ta ce anya, na ce ta kwanta. In kin girma ki girmama manya, ki sunkuya in za ki gaishe su, kada ki ɗaga musu murya. Amma in ba ki gane abu ba ki ce ba ki gane ba, ko za a yi miki dariya. In kuma kin san abin da zai cuci wani, ki faɗa, ko wanda za ki faɗa wa shi ya goye ki.

Ina rubuta wannan a zaune a bakin zaure, hantsi ya fara ɗagawa, motar da za ta kai mu Kano ba ta iso ba tukuna. Yanzun nan Malam ya tsaya da babur, ya zo ɗaukar ku. Mun gaisa, ya shiga ciki. A bayan babur ɗin na ga ya kwanto wata gora a naɗe da tsumma, na ji Adda daga tsakar gida tana cewa, "Yauwa, ta safen nan ce? Kawo in tafasa mata ta sha kafin mu kama hanya." Ga shi ina jin ƙarar tukunya. Takardar nan kuwa sai kun isa Tudun Kaya za a buɗe ta.

Allah ya raya ki, Ummi, ya tsare cikinki da jikinki, ya kai ku gida lafiya. Allah ya ba innarki lafiya ta dawo ta same ki kina rarrafe. Allah ya saka wa Adda da Malam da alheri, ya sa hannunsu ya zama mai albarka a kanki. Ni kuma ki yafe mini wata biyun nan. Wassalamu alaikum.

Ban san yadda zan fara ba. Ina jin zan durƙusa ne kawai in ce, Adda, ki yi haƙuri, 'yata ce, kada ki ba ta. Ta kira ni ungozoma, ta kira ni duk abin da ta ga dama. Madarar ta kusa tafasa, dole in tashi yanzu.

Ni ne babanki,
Buba